Daga Hair zuwa Hedwig: Kiɗan Rok da Batun Jinsi a Kan Dandamali

A watan Yunin 1973, a wani ƙaramin ɗaki da ke saman benen gidan wasan kwaikwayo na Royal Court a Landan, wanda kujerunsa ba su wuce sittin da 'yan kai ba, wani matashin ɗan wasa mai suna Tim Curry ya fito gaban 'yan kallo lulluɓe da mayafi. Da kiɗa ya ɗau zafi sai ya yar da mayafin, aka gan shi cikin kayan ciki na mata da doguwar safa da takalmi mai tsini, fuska ta sha hoda da jan-baki. Shekaru biyar kafin wannan dare, ba a isa a nuna irin haka a Ingila ba sai da izinin wani jami'in fadar sarauta, kuma da wuya ya bayar. Shekaru shida kafin nan kuwa, mu'amalar namiji da namiji laifi ce da ke kai mutum kurkuku a ƙasar.

Sunan wasan The Rocky Horror Show. Daga shi ne aka fi bin diddigin wani reshe na wasan kwaikwayo na waƙa, wanda ya haɗa kiɗan rok da labarin mutanen da al'ummarsu ta ɗauka sun bauɗe daga abin da ta sani game da zama namiji ko mace. A Turanci ana tara su ƙarƙashin kalmar kwiya, wadda asalinta zagi ce mai nufin bauɗaɗɗe. A ƙarshen shekarun 1980 waɗanda ake zagi da ita suka karɓe ta suka mayar da ita sunan kansu, ta ƙunshi 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo da masu sauya jinsi da waɗanda ba su ɗauki kansu ko ɗaya daga jinsunan biyu ba. Batu ne da addinai da al'adu suke da hukunci bayyananne a kansa, kuma a Turai da Amurka ma har yau ana jayayya. Amma duk matsayin da mutum ya ɗauka, tarihin waɗannan wasanni yana nuna yadda abin da doka ta hana ambata ya zama sana'ar miliyoyin daloli cikin rabin ƙarni, da kuma abin da ya salwanta a hanya.

Abin da doka ta hana

Namiji cikin shigar mata ba baƙon abu ba ne a tarihin wasan kwaikwayo. A zamanin Shakespeare samari ne ke fitowa a matsayin mata, domin ba a yarda mace ta hau dandamali a Ingila ba sai wajen 1660. A Japan ma an hana mata wasan kabuki a 1629, maza suka gaji gurbinsu har yau. Sai dai a duk waɗannan, 'yan kallo sun san yarjejeniyar: namiji ne ya ari matsayin mace, labarin kuma na namiji da mace ne. Abin da hukuma ta ƙi shi ne a fito da mutumin da wannan hali ne rayuwarsa.

A Ingila, wata doka ta 1737 ta ba babban jami'in fada mai muƙamin Lord Chamberlain ikon tace kowane sabon wasa kafin a nuna shi, kuma ofishinsa ya daɗe yana soke duk abin da ya taɓa batun luwaɗi. A jihar New York, bayan 'yan sanda sun kai samame kan wasu wasanni a farkon 1927, aka kafa dokar da ta ba hukuma damar garƙame gidan wasa na tsawon shekara guda idan ya nuna abin da ta kira lalacewar ɗabi'ar jima'i. A wannan shekara ce aka hana wasan Mae West mai suna The Drag shiga birnin. Dokar ta ci gaba da aiki har 1967. A kan titi kuma 'yan sanda sukan kama mai shigar da ba ta jinsinsa ba ta hanyar wata tsohuwar doka ta 1845, wadda asali an yi ta ne don manoman da ke ɓad da kama suna bore wa masu gonakin haya.

Duk da haka, da yawa daga cikin waɗanda suka gina sana'ar wasan waƙa a Broadway, unguwar manyan gidajen wasa ta New York, masu neman maza 'yan uwansu ne a ɓoye. Cole Porter, ɗaya daga cikin manyan marubutan waƙa na ƙarnin, yana cikinsu. Tsarin wasan da suka yi wa hidima yana da ƙa'ida sananniya, wadda Oklahoma! na 1943 ya kafa: saurayi da budurwa, cikas a tsakani, aure a ƙarshe, al'umma ta taru ta yi waƙa tare. A irin wannan wasa, idan magana ta gaza sai tauraro ya rera abin da ke zuciyarsa. Marubutan da kansu ba su da damar rera nasu, sai dai su cusa shi cikin habaici.

Abin da rok ya zo da shi

Kiɗan rok ya taso da wata ɗabi'a dabam. Little Richard, wanda waƙarsa Tutti Frutti ta 1955 ke cikin tushen wannan kiɗa, ya taɓa wasa cikin shigar mata a ƙananan wasannin yawo na kudancin Amurka, kuma ya shiga duniyar shahara da hodarsa da kwallinsa da tulin gashinsa. A 1972 David Bowie ya ƙirƙiro wani hali mai suna Ziggy Stardust, baƙo daga sararin samaniya, wanda ba a iya cewa ga inda shigarsa ta dosa tsakanin ta maza da ta mata. A watan Janairun shekarar ya shaida wa jaridar Melody Maker cewa shi ɗan luwaɗi ne, maganar da daga baya ya yi ta yi wa kwaskwarima. Matasan Ingila sun koyi darasi guda daga gare shi: mawaƙin rok yana iya ƙera wa kansa suna da fuska da jiki, ya sa su kamar riga, ya cire in ya ga dama.

Wannan ya sauya dangantakar ɗan wasa da 'yan kallo. A tsohon wasan waƙa makaɗa suna ɓoye a rami ƙarƙashin dandamali, tauraro kuma yana yi kamar bai san ana kallonsa ba. A taron rok makaɗa suna fili da jitarsu da gangunansu, mawaƙi yana riƙe da makirufo yana fuskantar jama'a kai tsaye, kowa ya san nuni ake yi. Marubucin da ke son nuna cewa zama namiji ko mace yana da ɓangaren da ake koya, na tafiya da murya da sutura, ya sami kayan aikin da ya dace da shi.

Wasan farko da ya kai wannan kiɗa babban dandamali shi ne Hair, na Gerome Ragni da James Rado da makaɗi Galt MacDermot. An fara shi a 1967, ya koma Broadway a Afrilun 1968. Jigonsa adawa da yaƙin Vietnam ne, amma sunansa kansa magana ce a kan jinsi, domin a lokacin dogon gashi a kan saurayi alama ce ta ƙin zama irin namijin da iyaye da soja ke so. A ƙarshen labarin an aske Claude, an sa masa kaki, an tura shi yaƙi ya mutu. Shekaru da yawa bayan haka Rado ya bayyana cewa shi da Ragni sun yi soyayya, kuma abotar Claude da Berger ta samo asali daga tasu. A Landan, wasan ya buɗe ranar 27 ga Satumban 1968, kwana guda bayan an soke ikon tacewa na Lord Chamberlain. Watanni tara bayan haka, a ƙarshen Yunin 1969, samamen 'yan sanda a mashayar Stonewall ta New York ya rikiɗe zuwa tarzoma ta kwanaki, wadda ake ɗauka mafarin gwagwarmayar fili ta waɗannan mutane.

1973: dodo mai jan-baki

Richard O'Brien ɗan wasa ne da aiki ya yanke masa lokacin da ya rubuta Rocky Horror. Ya haɗa shi ne daga abubuwan da yake ƙauna tun yana yaro a New Zealand, wato finafinan ban tsoro masu araha da kiɗan rok na shekarun 1950. Jim Sharman, ɗan Ostareliya, shi ya ba da umarni. Labarin na Brad da Janet ne, saurayi da budurwa masu kamun kai da aka yi wa baiko, waɗanda tayar motarsu ta fashe cikin ruwan sama, suka nemi taimako a wani tsohon gida. Maigidan, Frank-N-Furter, masanin kimiyya ne daga wata duniyar, yana shigar mata, yana kuma ƙera wani ƙaƙƙarfan saurayi a ɗakin gwajinsa. Kafin gari ya waye ya yaudari Janet, ya yaudari Brad.

Wasan ya ɗauki ma'auratan tsohon wasan waƙa ya jefa su gidan da ƙa'idarsu ba ta aiki. An fara da alkawarin aure, an ƙare su biyun suna rarrafe cikin ruɗani, ba aure ba biki. Frank kuma ba mutumin kirki ba ne. Mai son kai ne, ya yi kisa a gaban jama'a, a ƙarshe baransa Riff Raff, wanda O'Brien da kansa ya fito a matsayinsa, ya harbe shi saboda ya wuce gona da iri. Ta wannan fuska labarin bai kauce wa tsohuwar al'adar da ke hukunta bauɗaɗɗe kafin a rufe labule ba. Bambancin shi ne 'yan kallo sun fita suna ƙaunar dodon, suna dariyar mutanen kirkin. Da wasa ake gaya wa wawa gaskiya, kuma raha ce ta ba wasan damar faɗin abin da wasa mai tsanani ba zai tsira da shi ba a lokacin. O'Brien ya bayyana daga baya cewa yana ganin kansa a tsakanin namiji da mace, kuma ya daɗe yana fama da hakan a ɓoye.

A Landan wasan ya yi ta ƙaura zuwa manyan ɗakuna har 1980. A Broadway kuwa ya faɗi warwas a 1975, aka rufe shi a gidan wasa na Belasco cikin 'yan makonni. Fim ɗin da aka yi a shekarar shi ma bai yi kasuwa ba da farko. Abin da ya cece shi shi ne nunin tsakar dare da sinimar Waverly ta New York ta fara a Afrilun 1976. Masu kallo suka riƙa dawowa mako-mako, suna shiga irin ta taurarin, suna mayar wa majigi magana, wasu na kwaikwayon fim ɗin a gaban allo yayin da yake tafiya. Ga matasa da yawa a ƙananan garuruwan Amurka, wannan ne wuri na farko da namiji zai sa jan-baki a bainar jama'a ya koma gida lafiya, tun da yana da hujjar cewa kallon fim ya je.

1996: lokacin da dariya ta ƙare

A watan Yunin 1981 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wata baƙuwar rashin lafiya a jikin samari biyar a Los Angeles. Ita ce aka sani daga baya da ƙanjamau. Ta yi wa duniyar wasan kwaikwayo ta New York mummunar ɓarna, ta kwashe 'yan rawa da masu ba da umarni da masu tsara sutura, alhali Shugaba Ronald Reagan bai yi maganarta a fili ba sai a 1985. Zuwa tsakiyar shekarun 1990 ita ce kan gaba wajen kashe Amurkawa masu shekaru 25 zuwa 44.

Cikin wannan yanayi Jonathan Larson ya rubuta Rent. Ya shafe shekaru yana aikin kai abinci a wani ƙaramin gidan cin abinci na Manhattan yana rubutu a gefe, yana kuma ganin cutar tana kama abokansa. Ya ɗauko ƙashin labarin daga La Bohème na Puccini, wasan waƙar Italiya na 1896 game da matalautan masu fasaha a Paris, ya mayar da shi unguwar East Village, ya sa ƙanjamau a gurbin tarin fuka. Daga cikin manyan taurari takwas, huɗu na ɗauke da ƙwayar cutar. Akwai masoya mata biyu, Maureen da Joanne, akwai kuma Collins da Angel. Angel makaɗi ne a bakin titi mai shigar mata, abokansa kan ambace shi wani lokaci da lafazin namiji, wani lokaci da na mace, wasan kuma bai tsaya yanke hukunci ba. Inda Frank ya kasance dodo, Angel shi ne mafi tausayi da kyauta a cikin taron, kuma soyayyarsa da Collins ita ce wadda ba ta da rikici.

Larson bai ga nasarar aikinsa ba. Ya rasu da asubahin 25 ga Janairun 1996 sakamakon tsagewar babbar jijiyar zuciya, yana da shekara 35, a ranar da za a fara nuna wasan ga jama'a a New York Theatre Workshop. A watan Afrilu wasan ya koma Broadway, ya ci lambar Pulitzer da lambar Tony ta gwarzon wasan waƙa, Wilson Jermaine Heredia kuma ya ci tasa saboda fitowa a matsayin Angel. An yi ta nuna shi har 2008, sama da sau dubu biyar. Masu shirya shi sun ware layuka biyu na gaba a kan dala 20, abin da ya jawo matasan da ba su taɓa shiga Broadway ba.

Suka ma ta biyo baya. A wasan Puccini, Mimi ce ke mutuwa. A Rent, Mimi, wadda ke soyayya da namiji, ta farfaɗo a ƙarshe, Angel ne aka binne. Marubuciya Sarah Schulman, 'yar ƙungiyar gwagwarmayar ACT UP, ta wallafa littafi mai suna Stagestruck a 1998, inda ta yi zargin cewa an ɗebi sassan labarin daga littafinta People in Trouble na 1990. Babban ƙorafinta ya wuce batun mallaka. A ganinta wasan ya sa masu neman jinsin da ba nasu ba a tsakiyar labarin annoba, alhali waɗanda suka yi jinya da zanga-zanga da jana'iza a zahiri an tura su gefe, domin a sami abin da zai sayu ga kowa. Masu kare Larson suna amsawa da cewa babu wani wasa kafinsa da ya sa dubban iyalai daga ƙauyukan Amurka suka yi kuka saboda mutuwar mutum irin Angel.

1998: katanga a jikin mutum

Wasan da ya fi zurfafa tambayar ya fito ne daga gidan rawa. John Cameron Mitchell ɗan wani janar ne na sojan Amurka wanda ya yi kwamandan ɓangaren Amurka na Berlin a shekarun 1980. Ya haɗu da makaɗi Stephen Trask a cikin jirgin sama. Trask ne ke jagorantar makaɗa a wani taron dare na New York mai suna SqueezeBox, inda maza masu shigar mata ke rera rok da muryarsu ta gaske, saɓanin al'adar da aka saba ta motsa baki a kan faifan wata mawaƙiya. A can Mitchell ya fara gwada halin Hedwig a 1994. Ya samo ta ne daga wata Bajamushiya da sojan Amurka ya saki, wadda ta yi wa gidansu reno a garin Junction City na jihar Kansas. Hedwig and the Angry Inch ya buɗe ranar 14 ga Fabrairun 1998 a zauren wani tsohon otal da ke titin Jane, otal ɗin da ya sauki ma'aikatan jirgin Titanic da suka tsira a 1912.

Wasan gaba ɗayansa taron kiɗa ne. Hedwig tana tsaye da makaɗanta tana ba da tarihinta tsakanin waƙa da waƙa. An haife ta namiji mai suna Hansel a Berlin ta Gabas, yaro mai sauraron rok a rediyon sojan Amurka. Wani sajan Ba'amurke, Luther, ya ce zai aure shi ya fitar da shi daga bayan katanga, amma sai an yi masa tiyata ya zama mace kafin hukuma ta yarda. Uwarsa ta ba shi sunanta da fasfonta. Tiyatar ta lalace, ta bar inci guda na tsoka, wanda daga gare shi ƙungiyar makaɗan ta sami sunanta. Kimanin shekara guda bayan haka Luther ya gudu ya bar ta a Kansas, tana kallon talabijin ana rusa Katangar Berlin a Nuwamban 1989. Da ta yi haƙuri kaɗan, da ta fita ba tare da an taɓa jikinta ba.

Daga nan ta haɗu da Tommy, ɗan wani janar, ta koya masa kiɗa, ta raɗa masa suna Gnosis, wato sani a harshen Girka. Da ya gano yadda jikinta yake sai ya guje ta, ya tafi da waƙoƙin da suka rubuta tare ya zama tauraro. A daren wasan yana cika babban filin wasa a tsallaken kogi, ita kuma takan buɗe ƙofar baya ta ji ko zai ambaci sunanta.

Ginshiƙin tunanin wasan daga Aflatun aka ɗauko shi. A littafinsa na Symposium, Aristophanes ya ba da tatsuniyar cewa mutanen farko dunƙulallu ne masu fuska biyu da hannu huɗu da ƙafa huɗu, iri uku: namiji da namiji, mace da mace, da kuma namiji da mace. Da suka yi girman kai sai Zeus ya tsaga kowanne biyu, shi ya sa kowa ke yawon neman rabinsa. Waƙar The Origin of Love wannan labari ta rera. Hedwig ta yi imani Tommy ne rabinta, kuma wasan ya jera rabe-raben da ke jikinta da tarihinta, Gabas da Yamma, namiji da mace, ya kwatanta ta da katangar kanta.

Mitchell bai bar ta a matsayin wadda aka zalunta kawai ba. Tana da miji, Yitzhak, Bayahude daga Zagreb wanda dā yake wasa cikin shigar mata, kuma sharaɗin da ta gindaya masa kafin ta fitar da shi daga ƙasarsa shi ne kada ya sake sa hular gashi. Abin da Luther ya yi mata shi ta yi wa wani. Mace ce ke fitowa a matsayin Yitzhak, Miriam Shor a karon farko, saboda haka 'yan kallo suna ganin mace tana kwaikwayon namijin da ke marmarin shigar mata. A ƙarshe Hedwig ta tuɓe rigarta da hular gashinta, ta tsaya kusan tsirara ba kwalliyar da za ta ce ga jinsinta, ta miƙa wa Yitzhak hular. Wasan ya rufe ba tare da ta sami rabin da take nema ba, sai dai ta daina nemansa a jikin wani.

Bayan nasara

An nuna Hedwig fiye da sau 850 a titin Jane, fim ɗinsa na 2001 ya ci lambobi a bikin Sundance, a Koriya ta Kudu kuma, tun 2005, ya zama ɗaya daga cikin wasannin da ake yawan maimaitawa a Seoul. A 2014 ya isa Broadway tare da Neil Patrick Harris, ya ci lambobin Tony huɗu, a gidan wasa na Belasco, inda Rocky Horror ya faɗi shekaru 39 kafin nan. Yana kan dandamalin ne a Yunin 2015 lokacin da Kotun Ƙolin Amurka ta halatta auren jinsi a duk faɗin ƙasar.

Da karɓuwa ta samu sai muhawarar ta koma cikin gida, kan wanda ya cancanci ba da labarin. Mitchell ya sha cewa Hedwig ba ta wakiltar masu sauya jinsi, tun da tilas ce ta kai ta ga tiyata. Wasu daga cikinsu kuma suna ganin labarin tiyatar da ta lalace yana ƙarfafa mummunan zaton da ake yi musu, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ƙarshen 2020 aka ɗage wani shiri na wasan a Sydney bayan koke kan ɗan wasan da aka zaɓa. A 2018 Peppermint ta zama mace mai sauya jinsi ta farko da ta fara fitowa a babban matsayi a Broadway, cikin Head Over Heels. A 2021 masu shirya Jagged Little Pill, wanda aka gina kan waƙoƙin Alanis Morissette, suka nemi afuwa a fili saboda halin Jo, wanda a gwajin farko aka fahimta ba namiji ba ne ba mace ba, amma da aka zo Broadway aka ce mace ce. A 2020 A Strange Loop na Michael R. Jackson, labarin baƙar fata ɗan luwaɗi mai rubuta wasa game da kansa, ya ci lambar Pulitzer, abin da ya fito da wani giɓin, domin taurarin Rocky Horror da Hedwig na asali farare ne.

Hukuma ma ba ta janye gaba ɗaya ba. A watan Maris na 2023 jihar Tennessee ta kafa dokar taƙaita wasannin masu kwaikwayon jinsin da ba nasu ba a wuraren jama'a ko inda yara za su iya gani. Magoya bayanta sun ce kare yara suke yi, masu adawa suka ce lafazinta yana da faɗin da zai iya shafar wasan kwaikwayo na yau da kullum, aka kuma shiga kotu. Hujjojin ɓangarorin biyu sun yi kama ƙwarai da waɗanda aka yi a New York a 1927. Bambancin shi ne a wancan lokaci ana muhawara ne kan wasannin da jama'a kaɗan suka gani, yanzu kuwa makarantun sakandare a Amurka suna da nasu tsarin Rent da aka sassauta domin ɗalibai, kuma sinimomi na ci gaba da nuna Rocky Horror da tsakar dare kusan shekaru hamsin bayan daren farko a Waverly.